Tun da na sauya shokozoba sitiyari ke "ƙwas" in na murɗa, wa ya taɓa fama da haka?

Mai Golf: Salam 'yan'uwa. Sati uku ke nan da na cire shokozobar kamfani na sa koiloba, irin mai zare a jiki da ake ɗaga mota ko a sauke ta. Na sauke gaban kamar santimita 3. A kan titi shiru kake ji. Amma in ina tsaye ko ina shiga wurin fakin, da na murɗa sitiyari sai "ƙwas, ƙwas" daga gaba ta hagu, wani lokacin har da kuwwa kamar an tsinke waya. Wanda ya ɗaura ya ce sabunta ce, za ta zauna. Har yau ba ta zauna ba.

Tsohon Bakanike: Ɗana, kada ka sayi komai tukuna. Ajiye motar a ƙasa, ja birkin hannu, sa wani ya riƙa murɗa sitiyari a hankali, kai kuma ka ɗora tafin hannunka a bayan sifirin. Ta waje nake nufi, kada yatsa ya shiga tsakanin zobban sifirin. In ka ji yana ɗaurewa sannan ya fizge daidai lokacin ƙarar, ka kama ɓarawonka. Gaban motarka irin MacPherson ne, shokozoba da sifirin tare suke juyawa da taya, boris ɗin da ke can sama shi ke ba su damar haka. In boris ya cije, ƙasa na juyawa, sama ya tsaya cik, sai sifirin ya murɗe kamar ana matse wanki har ya kufce daga mazauninsa. Kufcewar nan ce kake ji. Abin da ke cije kuwa ba ya "zama" don kansa.

Direban Dare: Baba ya gama magana. Ni wata biyu na yi ina zargin kayan, har na yi niyyar mayarwa. Da aka kwance, ashe kifa boris aka yi, sama ya koma ƙasa. Ga notin sama an ɗaure shi da bindigar iska har robar ta lotse. Aka sa sabon boris, aka ɗaure da sifanar awo yadda takardar kayan ta ce, ana riƙe da sandar shokozobar don kada ta juya. Tun ranar ban ƙara jin ko tari ba.

Mai Corolla: Tawa ba "ƙwas" ba ce, "gwaf" ce, kuma sai in zan shiga kwana mai tudu, taya ɗaya ta riga ɗaya hawa. Linkej ne, ɗan ƙarfen da ke haɗa shokozoba da sandar balans, wadda ke hana mota kwanciya a kwana. Da aka sauke motar, wurin da yake kamawa a jikin shokozoba ya sauya, na kamfanin ya yi tsawo, sai sandar balans ta sunkuya tana dukan lowa am, wato hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe taya. Har sheƙi ƙarfen ya yi a wurin. Gwajin da ya raba mana gardama: muka cire linkej ɗin duka biyu, muka ɗaure sandar da waya, na zaga a hankali, ƙara ta ɗauke. Na sa mai zare wanda ake rage masa tsawo. A kiyaye dai, zagayen gwaji kawai, mota ba linkej tana kwanciya a kwana.

Uwar Biyu: Ku yi mini dariya. Sau uku ina kai mota, ashe taya ce ke gogar robar cikin madigadi in na ƙure sitiyari. Alli aka goga a robar, na juya, ga shaida.

Mai Hilux: Malam Mai Golf, ba shaf ba ne kuwa, sandar da ke juya taya? Ni da na ɗaga tawa santimita 5, shaf ya karkace fiye da da, sai "ƙas-ƙas-ƙas" in na ƙure kwana ina ba da wuta.

Tsohon Bakanike: A'a Malam, ka karanta da kyau, yana tsaye ma tana yi. Shaf ba ya kuka sai taya na gungurawa, kuma kukansa a jere yake, yana bin saurin taya. Taka ma daban ce, hannun ƙarfe biyu ne ke riƙe taya sama da ƙasa, shokozobarka ba ta juyawa da sitiyari, don haka gwajin tafin hannu ba zai gaya maka komai ba. Tun da an zo nan, bari in faɗi abin da ya fi ɓata mini rai a aikin yaran yanzu: ɗaure bushin na roba mota tana rataye a kan jak. Da an sauke ta, robar ta riga ta murɗe tun ba a tafi ko'ina ba, sai "ƙiii" kamar tsohuwar ƙofa, ba a jima ba ta yage. Sai nauyin mota ya zauna a kan taya ake ƙarasa ɗauri. Masu sa bushin na foliyuretan kuma, giris na silikon yake so, in ya bushe kuka ba fashi.

Direban Dare: Ƙari kaɗan, a duba zoben da ke tokare sifirin daga ƙasa. In ka ɗaga mota, taya na lilo, ka ga sifirin na wasa a hannu, zoben ya saki.

Mai Golf: Na dawo da labari. Baba, Allah ya saka da alheri. Ina ɗora hannu na ji shi yana fizga kamar kifi. Boris ɗin sama tsohon ne aka mayar, ya cika da ƙasa, da kyar yake juyawa a hannu. Na sauya na gefe biyun, aka wanke mazaunin sifirin, aka sa faifan boris siriri a ƙarƙashinsa, sannan aka sake alaimen. "Ƙwas" ta tafi. Saura wata 'yar "gwaf" in ina hawa tudun shiga gida a karkace. Mai Corolla, linkej ɗin naka, a ƙasa ka auna tsawonsa ko a kan jak?

Mai Corolla: A ƙasa, tayoyin gaba biyu a kan daidai. Ka yi ta rage shi har kusar ta shiga raminta ba tare da ka danna sandar ba.