Muhawara: Wai maƙeran Panteka sun fi masu binciken jami'a amfani?

Baban Khalifa: Jama'a, na faɗa a majalisa jiya aka yi min caa, zan maimaita a nan. Maƙeran kasuwar Tsohuwar Panteka da ke Kaduna sun fi masu digiri uku amfanar talaka. Injin niƙa, injin casa, murhu, duk can ake ƙera su. Binciken jami'a kuwa a kan kanta yake ƙarewa, ƙura na binne shi.

Maman Ummi: Ban ƙi ta taka ba. Muna ajin ƙarshe muka haɗa na'urar busar da tumatir da zafin rana. Ta yi aiki sarai, aka ba mu maki. Bara na bi ta wajen, tana bayan gini ta yi tsatsa, awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Injiniya: Hajiya, kwando nawa take ɗauka?

Maman Ummi: Biyu.

Injiniya: To nan gizo ke saƙa. Manomin rani kwando ɗari yake tsinka. Kuma faɗaɗa na'ura ba ninka awo ba ne kawai. Ka ɗauki tukunyar haɗa sinadari, ka ninka tsawo da faɗinta sau 10: cikinta zai ƙaru sau 1,000, amma jikinta, inda zafi ke fita, sau 100 kacal. Abin da ya dahu lafiya a kwalba sai ya ƙone a tanki, ko ya ƙi gaurayuwa. Shi ya sa ake gina ƙaramar masana'antar gwaji tsakanin ɗakin bincike da babban kamfani. Kuɗin wannan tsanin ne kowa ke gudu. Mai ba da tallafin bincike ya gama nasa, banki kuma ba ya ranta wa abin da bai taɓa sayuwa ba.

Ɗan Samaru: Alhaji, ka yi kuɗin goro. Waken SAMPEA 20-T daga cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, Zariya, ya fito a 2019. Yana jure tsutsar da ke huda kwanson wake, feshi ya sauko zuwa kamar sau biyu a damina. Wannan ba kan kanta yake ba, yana gona.

Baban Khalifa: Wake ai ba masana'anta ba ne, yaro.

Injiniya: A nan Alhaji ya ɗan yi gaskiya. Iri da kansa yake hayayyafa, mudu ya zama buhu. Inji ba ya haihuwa, kowane sai an sayi ƙarfe an ja masa wuta.

Kawu Kakuri: Ni a masaƙa na tsufa. Masaƙar KTL a 1957 ta fara saƙa a Kakuri, Kaduna, kafin ta rufe. Ba rashin farfesa ya kashe masaƙunmu ba: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri. Ko yau aka gano rini mafi kyau a Zariya, wa za a kai wa? Ginin da ciyawa ta cinye?

Baban Khalifa: Kawu, ka ƙara min hujja ke nan.

Kawu Kakuri: A'a. Ɗan Panteka ma kwaikwayo yake da ido. Saya injin casa biyu a shago ɗaya, kusar wannan ba ta shiga wancan.

Maman Ummi: To a haɗa su mana. Zane da awo daga makaranta, walda daga Panteka. Injiniya, zanen na'urarmu yana akwatina har yanzu.

Injiniya: Turo min hotonsa. Ranar Asabar zan shiga Panteka, in ji nawa za su ƙera ta kwando ashirin.

Baban Khalifa: Ka ga, dai can ɗin za ku ƙare.