Sun kawo takarda a sa hannu: neman shawara kan diyyar ƙanena

Yayar Marigayi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen wanda ya san doka ko ya taɓa bi ta wannan hanya. Allah ya yi wa ƙanena rasuwa watan jiya. Babbar motar wani kamfani ce ta ƙwace a gangare ta hau kan motarsa yana tsaye a danja. Direban da bakinsa ya faɗa a gaban jama'a cewa ya sha kai ƙorafin birki ana ce masa ya lallaɓa. Marigayin ya bar mata da yara uku, babbar ko firamare ba ta gama ba. Yanzu wakilin kamfanin ya zo da ambulan na kuɗi da wata takarda mai shafi biyu, wai matar ta sa hannu don cike rekod. Baffanmu ya ce a karɓa a yi shiru, kwana ne ya ƙare. Ni kuma raina bai kwanta ba.

Maman Biyu: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.

Barista Mai Ritaya: Allah ya gafarta masa. Hajiya, kafin komai: kada ta sa hannu, kada kuma wani ya sa a madadinta. Irin wannan takarda sau da yawa akwai layi guda a ƙasan shafi na biyu da ke cewa an karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya na ƙarshe, kuma iyali sun sauke duk wani haƙƙi. Layin nan shi ne takardar, sauran ado ne. Ki ce a bar muku kwafi za ku duba. Idan suka ƙi bari, kin samu amsarki.

Kawu: Ni fa ina bayan baffanku. Kotu ba ta dawo da rai. Za ku shekara biyar ana ɗage zama, lauya ya cinye rabi, matar ta ƙare da hawan jini. A bar wa Allah.

Malam: Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, amma a nan zan saɓa maka. Wanda ya rubuta ajali shi ne ya wajabta diyya. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i kan kisan kuskure ta sauka, wato wanda babu niyya ko kaɗan, kuma duk da haka aka ce a miƙa diyya ga iyalan mamaci, sai fa in sun yafe da kansu. Sunna ta ƙayyade ta raƙuma 100, ga masu zinariya kuma dinari 1,000. To ka ga karɓarta ba jayayya da ƙaddara ba ce. Sannan wa ke da ikon yafewa? Magada baligai, kowa a kan kasonsa. Baffa ba magaji ba ne a nan tunda akwai 'ya'ya, in har cikinsu da namiji, kuma kason maraya ba abin da waliyyi zai yi kyauta da shi ba ne. Matar ma tana da rabo. Sayyidina Umar da farko yana ganin mace ba ta gadon diyyar mijinta, har sai da Dahhaku ɗan Sufyanu ya sanar da shi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuto masa ya ba matar Ashyamu Dibabi gadonta daga diyyar mijinta. Sai Umar ya koma kan haka.

Kawu: Na ji, Allah gafarta Malam. Amma maganar ɗage zama dai ba ƙarya na yi ba.

Barista Mai Ritaya: Ba ka yi ƙarya ba, Kawu. Shi ya sa mafi yawan irin waɗannan ƙararraki ba sa kaiwa ga hukunci, a teburin sulhu ake gama su. Bambancin kawai, wanda ya je sulhu da hujjoji a hannu da ƙara a shigar, ana sauraronsa. Wanda ya je da hawaye kaɗai, ambulan ake ba shi.

Bari in ɗan shimfiɗa yadda abin yake a kotunan da ke bin tsarin dokar Ingila, don shi ne ya bazu a ƙasashe da dama. A 1808 wani alƙali a can, Lord Ellenborough, ya yanke cewa mutuwar mutum ba abin da za a kai ƙarar neman diyya a kansa ba ne. Ma'ana, in ka karya wa mutum ƙafa za ka biya, in ka kashe shi ka huta. Da haɗurran jirgin ƙasa suka yawaita sai majalisa ta yi dokar 1846 da ta ba mata da 'ya'ya da iyaye damar neman abin da suka rasa. Daga ita dokokin jihohin Amurka da na ƙasashen da Ingila ta mulka suka samo asali.

Abu huɗu kotu ke nema. Cewa wanda ake ƙara yana da nauyin kiyayewa a kansa. Cewa ya yi sakaci da nauyin. Cewa sakacin ne ya jawo mutuwar. Cewa akwai asarar da za a iya lissafawa. Na farko ba wuya, duk mai saka mota a titi yana da wannan nauyi. Na biyu da na uku nan ake kokawa. Kamfanin zai ce birkin ya tsinke ne ba zato, babu wanda zai iya hangowa. Maganar direban nan cewa ya sha kai ƙorafi ita ce ke rusa wannan kariya, shi ya sa nake tsoron kada ta bi iska.

Makanike: Ranka ya daɗe, a nan zan sa baki, don layina ne. Motar tana ina yanzu? Idan tana hannun 'yan sanda, lauya ya yi maza ya rubuta kada a sake ta sai an duba. Idan ta koma garejin kamfani, cikin yini guda za a canza mata takalman birki da tiyon iska, shi ke nan. Birkin da ya daɗe da cinyewa ba ya ɓuya: za ka ga ƙarfe ya ci ƙarfe, gangar ta yi zane-zane, wani wurin ta yi shuɗi saboda zafi. Wanda ya lalace farat ɗaya ba haka yake ba. A ɗauki hoto kusa-kusa kafin a kwance komai. Kuma kowane kamfani mai motoci yana da katin gyara na kowace mota, da ranar da ta shiga gareji da abin da aka yi mata. A nemi wannan katin, shi ba ya jin tsoron manaja.

Yayar Marigayi: Tana ofishin 'yan sanda har yanzu, jiya ma mijina ya gan ta. Direban yana tsare.

Barista Mai Ritaya: Madalla. To gobe ba jibi ba. Wasiƙar lauya ta tafi ga kamfanin cewa su adana katin gyara, littafin fitar motoci, da saƙonnin da direba ya tura wa manaja. Ku kuma ku tattara rahoton 'yan sanda, rahoton jami'in duba motoci, takardar shaidar mutuwa, da lambobin wayar mutanen da suka ji direban yana magana. Shagunan da ke kusa da danjar a tambaye su kyamara, da yawa na'urar tana goge tsohon hoto da kanta bayan ɗan lokaci.

Game da direban da ke tsare, kada ku zauna jiran shari'arsa. Ita ta hukuma ce, hukunci take nema; taku ta diyya ce, kuma ma'auninsu ba ɗaya ba. A shari'ar laifi sai an kawar da kokwanto, a ta diyya rinjayen hujja ya isa. Kun tuna O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan ƙwallo a Amurka? An wanke shi daga kisa a 1995, amma a 1997 kotun diyya ta ɗora masa dala miliyan 33.5. Sai dai iyalan waɗanda aka kashe ba su karɓi wani abin kirki daga ciki ba, kuma nan ma akwai abin lura: samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Shi ya sa ake haɗa kamfani a ƙara, don doka na ɗora wa mai gida sakacin ma'aikacinsa idan a bakin aiki ya yi shi.

Ɗan Inshora: Ni a wancan ɓangaren teburin nake aiki, bari in faɗa muku abin da ba a so a faɗa. Babbar motar kamfani kusan ko'ina doka ta tilasta mata inshorar da ke biyan wanda aka cutar. To mai biyan gaske sau da yawa mu ne, ba su ba. Ku nemi sunan kamfanin inshorar da lambar takardar, yawanci tana cikin fayil ɗin 'yan sanda, lauya ya sanar da su a rubuce da wuri. Za a kira ku da murya mai laushi a ce ana so a ɗan ji yadda abin ya faru. Kada matar ta amsa, ta ce a kira lauya. Tambayoyin ba na tausayi ba ne: ya ɗaura bel? yana waya? fitilarsa na aiki? Ana neman kaso ne a ɗora wa mamaci. A Ingila tun hukuncin alƙali Lord Denning na 1975 ana rage kashi 25 cikin 100 na diyyar idan bel zai hana raunin gaba ɗaya, kashi 15 idan zai rage shi kawai. Tayin farko kuma kusan kullum na gwaji ne.

Maman Biyu: Nawa a asibiti ne. Maigidana aka ba maganin da an rubuta a katinsa baro-baro cewa jikinsa ba ya ɗauka. Da muka nemi fayil sai aka yi ta mana gobe-jibi, da ya fito kuma shafin daren da abin ya faru babu shi. Abin da ya cece mu hoton da ɗan'uwansa ya ɗauka na allon magani a gefen gado. Shawarata gare ki 'yar'uwa, sayi littafi guda. Duk wanda ya zo, duk wanda ya kira, rubuta rana da abin da ya ce. Kuma ki zama ke ce mai magana, ki ɗauke wa matar wannan nauyi, ita yanzu ba ta cikin hayyacinta.

Nas: Gaskiya ne. Na asibiti ya fi wuya ma, don sai an samo wani likita ya ba da shaida cewa abin da aka yi ya kauce wa yadda ƙwararru ke yi, kuma ba kowa ke son tsayawa a kan abokin aikinsa ba.

Yayar Marigayi: Allah ya saka da alheri. To lauyan fa, ya ake gane na kirki? Muna da ɗan'uwa lauya amma harkar filaye yake yi. Kuma gaskiya ba mu da ƙarfin biya yanzu.

Barista Mai Ritaya: Ɗan'uwan ya taimaka wajen nemo wanda wannan ne aikinsa, kada ya riƙe da kansa. Ki ga biyu ko uku kafin ki zaɓa. Tambaye shi irin wannan ƙara nawa ya kai ƙarshe, wa zai riƙa zuwa kotu, shi ko yaronsa, kuma yaushe wa'adin shigar da ƙara zai cika. Wanda ya kasa amsa ta ƙarshen nan take, ki tashi. Wanda ya yi miki alkawarin adadi a zaman farko, shi ma ki tashi.

Wa'adin nan ya kashe ƙararraki masu kyau fiye da kowace hujja. A Ingila shekara 3 ne. A jihohin Amurka kuwa, Kalifoniya da Niyok da Texas shekara 2, a Tennessee shekara 1. Idan hukumar gwamnati ce ake ƙara yakan gajarta ƙwarai. A Najeriya dokar kare jami'an gwamnati wata 3 ta bayar. Zuwan wakilai da alkawarin "muna dubawa" ba ya tsayar da wannan lissafi.

Batun kuɗi, akwai lauyoyin da ke yarda sai an ci a biya su kaso. A Amurka yawanci sulusi ne, wani lokaci har kashi 40. Ba laifi, amma a rubuta: kason daga jimla za a cire ko bayan an fitar da ɗawainiya? Wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na ƙwararren da zai duba motar? In an faɗi fa, tunda a wurare da yawa wanda ya faɗi yana biyan wani ɓangare na ɗawainiyar abokin shari'a? In ba hali sam, a gwada ofishin ba da agajin shari'a kyauta, ko sashen koyon lauya na jami'a, da yawa suna da ɗakin taimakon jama'a. Ƙungiyar lauyoyi kuma za ta tabbatar miki ko mutum yana da rajista.

Ɗan Inshora: Ƙari kaɗan. Lissafin ana yin sa ne da shekarunsa, abin da yake samu, da shekarun da yaran za su ɗauka suna dogaro da shi. Takardar albashi, bayanan banki, rasit na kuɗin makaranta da na haya, kada a zubar da ko ɗaya. In ɗan kasuwa ne, littafin shago ma hujja ne.

Malam: Barista, tambaya. In kuɗin ya fito, rabon gado za a yi ko yaya?

Barista Mai Ritaya: Ya danganta da kotun da kuma sunan da aka biya kuɗin da shi, Malam. In diyya ce ta shari'ar Musulunci, gado ce kamar yadda ka faɗa. In a ƙarƙashin dokar haɗarin mutuwa ce, kotu kan raba gwargwadon dogaro, har ƙaramin yaro ya fi babba samu don ya fi shi sauran shekaru. Iyali su zauna su daidaita wannan tun kuɗi bai zo ba. Kuma duk sulhun da ya shafi kason yara a kai shi gaban alƙali ya amince, a ajiye kason da sunansu.

Kawu: To ambulan ɗin da suka kawo fa? Matar nan tana da buƙata yau, ba baɗi ba.

Barista Mai Ritaya: Ana iya karɓa, Kawu, amma ba da tasu takardar ba. Lauya ya rubuta rasit na layi uku: an karɓi kaza ranar kaza a matsayin somin biya, za a cire shi daga abin da aka daidaita a gaba, kuma iyali ba su sauke wani haƙƙi ba. Wakilin ya sa hannu, ku riƙe kwafi. Hajiya, ki turo min hoton shafi na biyun nan ta akwatina in duba kafin ki ga lauyan.