Sau biyu an sha maganin olsa, ƙwayar H. pylori mai jawo ta ta ƙi tafiya

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta sha haɗin omeprazol, amoksisilin da kilaritromaisin zagaye biyu, amma gwajin bayan gida har yau yana nuna ƙwayar. An ce akwai gwajin PCR, mai duba ƙwayoyin halittar ƙwayar, da ke nuna maganin da ta daina ji. Yaya ake yinsa?

Likitan ciki: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kar a sake ba ta kilaritromaisin, maimaita shi ma tun farko bai kamata ba. Yakan kashe ƙwayar ne ta hanyar liƙe wa ma'aikatar da take ƙera furotin. Harafi ɗaya kawai ya sauya a ƙwayar halittar 23S rRNA, wani sashe na wannan ma'aikatar, galibi sauyin da ake kira A2143G ko A2142G, sai maganin ya rasa wurin kamawa, ko an ninka ba ya aiki. Wannan sauyin PCR ke nema, da na ƙwayar halittar gyrA don lebofuloksasin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ka tambaye ta ko ta taɓa shan azitromaisin ko eritromaisin saboda tari, dangi ɗaya ne da kilaritromaisin, sau da yawa daga nan turjiyar ke farawa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: In ƙara da shiri, nan aka fi yin ɓarna. A dakatar da omeprazol mako 2, maganin kashe ƙwayoyin cuta da bismut (wani maganin ciki) mako 4 kafin ɗaukar samfuri. In ba haka ba ƙwayar ta ragu, sakamako ya fito wai babu. Idan na'urar leƙa ciki za a zura, a gutsuro daga wuri biyu, ƙasan tumbi da tsakiyarsa, don mai jin magani da mai turjiya kan zauna ciki ɗaya. Akwai PCR ɗin da ake yi da samfurin bayan gida, sai dai ba kowane ɗakin gwaji ke da shi ba. PCR ya fi rainon ƙwayar a ɗakin gwaji sauri. Ita ba ta son iska sosai, takan mutu a hanya, kuma sai an jira kwanaki.

Mai tambaya: To Flagyl fa?

Likitan ciki: A kansa PCR ba abin dogaro ba ne, hanyoyin turjiyar sun yi yawa. In gwajin bai samu ba, likitanta na iya ba da haɗi huɗu na kwana 14: omeprazol sau 2, bismut sau 4, tetarasaikilin miligiram 500 sau 4, Flagyl miligiram 500 sau 3 ko 4 a rana.

Mai harhaɗa magunguna: Bismut kan baƙanta bayan gida da harshe, kar ta tsorata ta bari. Tetarasaikilin kuma a raba shi da nono, fura da madara ko maganin ƙarin jini da awa 2. Bayan an gama a jira mako 4, a yi gwajin numfashi ko na bayan gida. Ban da na jini, shi yakan nuna akwai ko an warke.