Ina kuka fara gamuwa da kalmar "invade"?

Malamar Turanci, Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibaina sun kafe cewa "invade" kalmar yaƙi ce kawai, don a darasin tarihi suka san ta. Ina so in kai musu misalai daga bakin waɗanda suka gamu da ita a zahiri. Don Allah kowa ya ba mu nasa.

Tsohon mai fassara labarai: Wa alaikumus salam, Malama. Ni a ɗakin labarai na san ta, a watan Agustan 1990, lokacin da sojojin Saddam Hussein suka shiga Kuwait. Mun ce "mamaya", amma sai da muka yi gardama. Mamaya ta haɗa shigar da zaman duka, shi kuwa Bature ya raba su: "invade" shigar da ƙarfi, "occupy" zaman da ya biyo baya. Ki kuma nuna wa yara nauyinta, domin duk wanda aka jingina wa ita, an ɗora masa laifi ne. Shi ya sa da Rasha ta shiga Yukiren a Fabrairun 2022 ba ta yarda a kira abin mamaya ba, "aikin soji na musamman" ta ce.

Manomin shinkafa, Haɗeja: Baba ya yi maganar ƙasashe, ni tawa a fadama take. Malaman gona sun zo mana taro suna ta kiran ciyawar kacalla "invasive", wato mai mamaya. Da aka fassara mana sai na ce wallahi sun faɗi gaskiya. Ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa daga nan har Nguru, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, kuma a cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana, gari ya waye su sauka kan shinkafa. Ba bindiga, amma ta raba mutane da gonakinsu.

Mai son ƙwallo, Abuja: Ina cikin filin wasa na Moshood Abiola ranar 29 ga Maris 2022, da muka tashi 1-1 da Ghana muka rasa gurbin gasar cin kofin duniya. Mutane suka tsallake shinge suka afka fili, ana farfasa kaya. Jaridu suka rubuta "pitch invasion". A nan kam ni kutse zan ce, don ba wanda ya je da niyyar zama.

Ma'aikaciyar jinya: A asibiti ma muna da ita. Gwajin da za a huda jiki ko a zura wani abu ciki shi ne "invasive". Sikanin ciki kuwa "non-invasive" ne. Masu juna biyu da yawa na zuwa a tsorace, sai na ce musu "Hajiya, ba allura, ba yanka, a kan fata za a goga", sannan su yarda su kwanta.

Malamar Turanci, Zariya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura guda: "invasion of privacy", kamar a buɗe wa mutum waya ba da izininsa ba. "Shiga sirrin mutum" nake cewa a aji, amma bai gamsar da ni ba. Baba, ku da me kuke fassara ta?