Matsin tukunyar naitros yana faɗuwa a kan babur ɗin ƙanƙara idan sanyi ya tsananta: mene ne mafita?

Mai Inji 800:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna aiki da iskar naitros, wadda ake fesa wa inji tare da ƙarin mai domin ƙara masa ƙarfi, a kan babur ɗin ƙanƙara, wato wanda bel ke turawa a kan ƙanƙara maimakon taya. Nawa mai inji cc 800 ne, mai bugu biyu, kuma na ɗaura masa ƙaramar tukunya mai cin laba 2.5 a bayan kujera. Jet ɗin da suka zo da kayan naitros ɗin, wato ƙananan ramukan da ke auna naitros da man da ke shiga inji, an tsara su ne don su ƙara ƙarfin doki 40, bisa sharaɗin gejin matsin tukunyar ya tsaya tsakanin psi 900 da 950 (psi ma'aunin matsi ne). A cikin gareji mai ɗumi allura tana kaiwa kusan 750, amma da zarar na fita na yi tafiya a sanyin da ya kai digiri 15 ƙasa da sifili, sai ta sauko wajen 300, kuma idan na danna maɓallin naitros sai injin ya yi nauyi, ya riƙa shaƙewa, fulogi kuma su fito baƙi. Shin hita ta lantarki za ta wadatar, ko kuwa gara in mayar da tukunyar ƙarƙashin bonet kusa da salansa domin ta samu ɗumi? Akwai kuma wanda ya ce mini in ƙara girman jet ɗin naitros kawai in huta. Ina so in fahimci abin da ke faruwa tukuna kafin in taɓa komai.

Dattijon Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Geji ɗinka lafiya lau yake, tukunyarka kuma ba yoyo take yi ba. Abin da ke cikinta ruwan naitros ne da tururinsa a samansa, kuma muddin akwai sauran ruwan, zafin tukunyar kaɗai ne ke yanke hukuncin inda allura za ta tsaya, ko a cike take ko ta kai rabi. A digiri 21 na ma'aunin Selshiyos matsin yana wajen psi 760, a kan sifili yana wajen 460, a digiri 18 ƙasa da sifili kuwa bai wuce 280 da ɗoriya ba. Kafin ka ga 900 zuwa 950 da takardar kayanka ke nema, sai ruwan da ke ciki ya kai kusan digiri 29 zuwa 30. Wato a ranar da kake magana, kana bukatar tukunyar ta fi iskar da ke kewaye da ita zafi da digiri 45, alhali babur yana gudu, iska na dukanta, ƙanƙarar da bel ke watsowa tana zuba a kanta.

Dalilin shaƙewar injin kuwa shi ne, man da kayan ke ƙarawa ba ya sanin halin da tukunya take ciki. Famfon mai yana turo adadinsa kamar kullum, naitros ɗin da ya kamata ya kawo oksijin ɗin ƙona shi ne ya ragu, sai mai ya rinjayi iska, wuta ta yi rauni, fulogi su yi baƙi. Raguwar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da geji, domin idan matsi ya ragu da rabi abin da ke ratsa jet ba ya raguwa da rabi, ga shi kuma ruwan da ya yi sanyi ya fi nauyi, amma gibin ya isa ya lalata lissafin gaba ɗaya.

Shawarar ƙara girman jet ita ce nake so ka yi hattara da ita fiye da komai. Idan ka buɗe jet har injin ya yi daidai a psi 300, ranar da rana ta fito ko ka fito da babur daga ɗaki mai ɗumi allura tana kan 700, naitros zai yi wa man yawa ƙwarai. Naitros yana ɗauke da oksijin kashi 36 cikin 100 na nauyinsa, iskar da muke shaƙa kuwa kashi 23 ne, kuma yana sakinsa ne idan zafi ya kai wajen digiri 300 a cikin silinda. Inji mai bugu biyu ba ya haƙuri da ƙarancin mai ko na 'yan daƙiƙoƙi ne. Na sha cire kan inji in tarar da fistin ya narke ta gefen mafitar hayaƙi, gefensa ya zaizaye, ɗigon alminiyam ya manne a bakin fulogi yana ƙyalli. Yawan mai hasarar gudu kawai yake jawo maka, ƙarancinsa kuwa injin yake ci. Saboda haka ni a wurina tambayar ba yadda za ka kai 950 ba ce. Tambayar ita ce wane matsi ne za ka iya riƙewa daga safe zuwa yamma ba tare da ya yi ta hawa da sauka ba, sai a zaɓi jet a kansa.

Mai Hawan Tsauni:

Na yarda da bayanin Dattijo, sai dai ina so in ja hankalinka game da hitar lantarki, domin mutane da yawa suna sayenta da tunanin mota. Bargon hita irin na tukunyar mota mai laba 10 yana jan wuta sosai, mota kuma tana da babban batir da altaneta mai ƙarfi. Kwayil ɗin babur ɗin ƙanƙara ya riga ya ɗauki nauyin fitila, da ɗumama mariƙin hannu, da famfon mai da na'urar sarrafa inji idan mai injekta ne, wasu baburan ma ba su da batir sam. Ko da ƙaramar hita mai wat 100 ka samu, za ta ja kusan amfiya 8, kuma idan aka yi lissafin nauyin ruwan da na alminiyam ɗin tukunyar, za ta shafe wajen rabin sa'a kafin ta ɗaga zafin da digiri 45, wannan ma idan babu ɗumin da ke tserewa. A fili kuwa yana tserewa, har ya kan fi wanda hitar ke bayarwa idan tukunyar tsirara take.

Don haka rufi shi ne matakin farko, kafin a yi maganar kowace hita. Ka naɗe tukunyar da roba mai kauri irin ta rigar masu ninƙaya a ruwan sanyi, ka rufe gindinta da wuyanta, ka sa ta cikin jaka ko akwatin da iska ba ta ratsawa, sannan ka sa roba tsakaninta da ƙarfen da ke riƙe da ita, domin ramin bel da ke ƙarƙashin kujera alminiyam ne, yana zuƙe ɗumi da sauri a wuraren da ƙanƙara ke taruwa. Tukunyar da ta kwana a ɗaki, aka fito da ita a naɗe, aikin hita a kanta riƙe ɗumi ne kawai, wannan kuwa ƙaramar hita tana iya yinsa.

Ni da ruwan sanyaya inji nake amfani. Na ja ƙaramin tiyo daga layin ruwan, na zagaya shi jikin tukunyar a ƙarƙashin rufin, na sa bawul a hanya. Ɗumi ne da injin yake zubarwa a banza, kuma bai taɓa kwayil ba. Aibinsa shi ne ruwan yakan haura digiri 40 idan inji ya yi zafi, musamman a kan hanyar da ƙanƙararta ta daskare ba ta watsuwa, wannan kuma ya fi abin da tukunya ke bukata, saboda haka dole bawul ɗin ya kasance a inda hannu zai kai, geji kuma a gaban idonka. Ban sa wa kaina dole sai 950 ba. Ina riƙe tsakanin 750 da 800, an daidaita mini jet a kan haka, kuma na fi samun natsuwa da wannan fiye da bin adadin da ba zan iya tsayar da shi ba.

Wani abu kuma da ƙaramar tukunya ke da shi: duk lokacin da ka danna, ruwan da ya rage yana tafasa domin ya cike gurbin wanda ya fita, tafasar kuma tana sanyaya shi. A tukunyar laba 2.5 za ka ga allura tana sauka tun kana cikin dannawa, kuma abin yana ƙaruwa idan ta kusa ƙarewa. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne ƙarin doki 100 yana cin kusan laba 0.8 a daƙiƙa 10, ka ga naka na doki 40 zai ci wajen sulusin laba a wannan lokacin. Dannawa kaɗan ne za su kai ka rabin tukunya.

Mai Inji 800:

Na gode ƙwarai, yanzu na gane dalilin da ya sa allurar ba ta nuna mini ko tukunyar ta kusa ƙarewa. Maganar ƙarƙashin bonet fa? Sannan na ji ana ambaton tura naitros da iskar naitirojin, ko wannan zai raba ni da wahalar ɗumamawa baki ɗaya?

Injiniyan Gas:

Malam, kada ka kusantar da ita da salansa. Akwai masu ɗaura tukunya ƙarƙashin bonet, kuma yana yiwuwa idan an nisanta ta da bututun hayaƙi aka sa garkuwar zafi a tsakani, amma zafin wurin ba shi da linzami: yana sauka idan kana gudu, ya yi tsalle idan ka tsaya ko babur ya kafe a ƙanƙara mai zurfi kana ta ba shi wuta. Naitros yana da iyaka a digiri 36.4, inda matsinsa yake wajen psi 1,050. Daga nan ruwa da tururi sun zama abu guda, kuma a tukunyar da take cike matsin yana hawa da sauri da kowane ƙarin digiri. A jikin bawul akwai faifan kariya da aka yi shi ya fashe a wajen psi 3,000 a yawancin tukwane, idan ya fashe kuwa duk abin da ke ciki zai fito lokaci guda, da sanyin da ke ƙona fata nan take, tunda ruwan yana tafasa ne a digiri 88 ƙasa da sifili. Shi ya sa ake sa wa faifan bututun da zai kai iskar waje, nesa da ƙafar mai tuƙi.

Wutar walda, ko murhun tafiya, ko kara tukunya a bakin salansa domin a ɗaga allura kafin tsere, duk ganganci ne. Alminiyam ɗin da ake yin tukwanen da shi yana rasa ƙarfinsa idan zafi ya haura digiri 175, ido kuma ba ya ganin wannan lahanin, ƙa'ida ita ce a yi watsi da tukunyar da ta taɓa shiga irin wannan zafin. A Amurka ana sake gwada irin waɗannan tukwane da matsin ruwa duk shekara 5, kuma ana buga ranar gwajin a kafaɗarsu, ka duba taka. Idan kana bukatar ɗumi kafin fita, ruwan ɗumi a bokiti ya isa, wanda hannu zai iya zama a cikinsa.

Idan ka sayi hitar da makunnin matsi ke sarrafawa, ka lura da inda makunnin yake. Idan a kan layi yake bayan bawul, kuma ka kunna hita bawul yana rufe, makunnin ba zai ga matsin tukunyar ba, hitar za ta yi ta aiki har faifan ya fashe. Haka kuma idan tukunyar ta kusa zama fanko, matsin ba zai kai inda aka saita ba, hitar ba za ta tsaya ba. Na fi son wadda ta haɗa makunnin matsi da na zafi, a kuma ja wayarta ta fiyus da rile, yadda ba za ta samu wuta ba sai inji yana aiki.

Game da naitirojin, gaskiya ne yana aiki. Ana ɗaura ƙaramar tukunya ta biyu mai matsi mai yawa, da na'urar rage matsi, tana tura naitirojin saman ruwan naitros domin allura ta tsaya wuri guda ko da ruwan yana da sanyi. Sai dai ka sani cewa ruwa mai sanyi ya fi nauyi, don haka a psi 900 ɗin naitirojin, naitros ɗin da zai ratsa jet ya fi wanda zai ratsa a psi 900 ɗin ɗumi, kuma wanda ya bar jet ɗin mai yadda yake zai faɗa cikin ƙarancin man da Dattijo ya yi gargaɗi a kai. Ga ƙarin nauyi, ga neman wurin cika tukunya ta biyu, kuma wasu masu shirya tsere ba su yarda da shi ba. Ga mai ƙarin doki 40, ina ganin wahalarsa ta fi amfaninsa. Akwai kuma akwatunan sarrafa mai da ke karanta matsin tukunya su rage ko su ƙara mai daidai da shi. Suna kare injin daga rashin daidaito, amma ba sa mayar da ƙarfin da sanyi ya ɗauke.

Dattijon Bakanike:

Abin da zan ƙara, Malam, shi ne yadda za ka bi aikin. Ka fara da rufin da Mai Hawan Tsauni ya bayyana, ka mayar da geji kusa da mariƙin hannu, sannan ka yi yawo da babur ba tare da ka danna naitros ba, kana rubuta abin da allura ke nunawa da sanyin ranar. Adadin da ka ga tana yawan tsayawa a kai, shi za ka kai wa masu kayan su ba ka jet ɗinsa, kuma ka ɗauki mafi girman matsin da ka gani a matsayin ma'auni, domin kuskuren ya karkata wajen yawan mai. Ka sa wa kanka iyaka ta sama da ta ƙasa, tazararsu kada ta wuce psi 50 ta kowane gefe, idan allura ta fita daga ciki ka bar maɓallin.

Ka tuna kuma iska mai sanyi ta fi nauyi, saboda haka injin da ke da kafireta ya riga ya karkata wajen ƙarancin mai a ranar da sanyi ya tsananta, tun kafin naitros ya shiga. Gwajin farko ya zama gajere, da sabbin fulogi, ka kashe injin nan take bayan dannawar ka cire su ka duba. Launin ƙasa-ƙasa ake so, fari ko ɗigon ƙarfe kuwa alama ce ta ka tsaya. Yawan abin da ya rage a tukunya kuma sikeli ne kaɗai zai gaya maka: nauyinta fanko yana rubuce a jikinta, ka auna kafin fita da bayan dawowa, idan ya sauka ƙasa da sulusi ka kai a cika, kuma kada mai cikawa ya wuce laba 2.5 ɗin da aka rubuta ko da tukunyar mai sanyi ta nuna za ta karɓi ƙari.