Muhawara: Waƙar da ba ka jin harshenta za ta iya sa ka hawaye?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum jama'a. Ni dai a wurina, duk waƙar da ta ratsa zuciya har ƙwalla ta cika ido, kalmominta ne suka yi aikin. Kiɗa da murya 'yan rakiya ne. Ku dubi Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya. Ba ganga, ba kalangu. Sau da yawa makaho ne ke rera ta a bakin kasuwa, ɗan jagora yana amsawa, amma sai ka ga dattijo ya tsaya cik da kaya a kansa, don an tuna masa mutuwa da kwanciyar kabari. A cire baitocin a bar karin kawai, me ya rage? Wanda ya ce waƙar Indiya ta sa shi kuka alhali bai san abin da ake faɗa ba, daɗin sauti ya ji kawai.

Hajiya daga Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba ko kaɗan. Kakata, Allah ya jiƙanta, iyakar Larabcinta surorin salla. Amma daren Mauludi, in malamai suka ɗauki Ishiriniya daga zaure, tana tsakar gida sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta ja gefen zane tana share fuska har a kai ƙarshe. Alfazazi mutumin Andalus ne, a ƙarni na 13 ya tsara ta, da Larabci mai zurfin da ɗalibi ma sai an fassara masa. Za ka ce hawayen tsohuwar nan na daɗin sauti ne?

Ɗan Zazzau:
Amin, Allah ya jiƙanta. Amma Hajiya, ai ta san Manzon Allah (SAW) ake yabo. Ma'anar ta riga ta isa zuciyarta tun kafin a buɗe baki.

Bakano:
To Yaya, waƙoƙin Indiya fa? Iyayenmu da suka cika silimomin Kano ba sa jin yaren, amma suna haddace waƙa daga farko har ƙarshe. Da mawaƙiyar Indiya Lata Mangeshkar ta rasu a 2022, Hausawa da yawa sun yi ta jimami a Facebook. Ga kuma masu begen bandiri da suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna ɗora yabon Annabi a kai. Me ya sa suka aro karin, alhali kalmomin nasu ne? Saboda sun ji shauƙi a cikinsa tun ba a sa masa baiti ko ɗaya ba.

Jikan Makaɗa:
Ku ba ni dama in sa baki, don a gidan kiɗa na tashi. Malam yana da gaskiya ta wani gefe da shi kansa bai ambata ba. Kiɗanmu magana ne. Hausa tana da hawa da saukar murya, kalangu kuwa in ka matse tsarkiyarsa a hammata sai sautin ya hau, in ka saki ya sauka. Shi ya sa mahauci ko ɗan dambe yake jin takensa daga nesa tsigar jikinsa ta tashi, mawaƙi bai ce uffan ba. Don haka in Bahaushe ya ce kalangun Shata ya taɓa shi, sau da yawa kalmomi ya ji a bakin kalangu.

Amma goge ya rushe maganarka, Malam. Tsirkiya ce ta gashin wutsiyar doki a kan ƙoƙo, ba ta furta komai, amma in gwani ya ja ta a hankali sai ka ji kamar mace ce ke kuka a ɗaki. Na ga manyan maza sun sunkuyar da kai saboda ita. Haka kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015: ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal. Ya yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa, kalmominsa masu nauyi ne, ban musa ba. Sai dai abin da ke kama ni shi ne wurin da yake yin shiru ya bar kuntigin yana tafiya shi kaɗai, sannan ya ja numfashi ya dawo. Wannan numfashin ne nake nema a yawancin waƙoƙin situdiyo na yanzu ban samu ba, don na'ura ta goge murya ta yi sumul, ba kaushi ba rawa. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaranmu suna da muryoyi masu kyau.

Ɗan Zango, Kumasi:
Baba, ka faɗi abin da ke raina. Mu nan Hausarmu ta Zango daban ce. Mahaifina yana sa kaset ɗin Narambaɗa, Gobirancin da ke ciki rabinsa ba na ganewa, shi ma wasu kalmomin sai ya ce sai 'yan garin Isa na jihar Sakkwato. Amma duk inda 'yan amshi suka karɓa gaba ɗaya a kan kotso, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ɗan Zazzau:
Ƙanina, wannan kewa ce. Kana jin mahaifinka da ƙasar kakanninka a cikin kaset ɗin. Maganar goge kam ta ba ni aiki, Jikan Makaɗa, zan sake tunani a kanta. Ta Indiya kuwa har yanzu ina nan a kan bakana, domin masu kallon sun ga labarin, sun san an raba masoya ne kafin a fara waƙar.

Hajiya daga Maraɗi:
Malam, mu da muka tashi a gidajen kulle ba a bar mu zuwa silima ba. A rediyo da kaset muka ji waƙoƙin nan, ba mu ga kowa an raba ba, kuma mun yi kukanmu. Ka ba mu amsar wannan tare da ta goge.