Neman shawara: maganin kansar ƙanwata yana sa ta jiri, in ya yanke kuma jiki ya ɗauki ciwo

Ummu Salma: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ku taimaka mini. Ƙanwata aka yi wa aiki a ƙasan kunne, aka cire mata ƙari daga wurin da ke samar da yawu. Bayan shekara guda abin ya dawo, har ya taɓa huhu. Da aka gwada naman, sakamako ya fito da wasu haruffa, ETV6-NTRK3, likita ya ɗora ta kan larotrectinib safe da yamma. Wata 4 ke nan, hoto ya nuna ƙarin ya motse sosai, alhamdu lillahi. Amma yanzu in ta miƙe sai ta dafa bango, ta yi ƙiba har zobenta ya daina shiga yatsa. Da maganin ya yanke mata na kwana biyu kuwa, kwana ta yi tana kuka, wai ko'ina ciwo yake kamar an lakaɗa mata duka. Mahaifiyarmu ta ce a dakatar da shi, ya fi ƙarfinta. Ni kuma tsoro nake ji. Me ya haɗa maganin ƙari da jiri?

Malam Sani mai haɗa magunguna: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Kafin komai, kada ku dakatar da shi da kanku. Ciwon da ta ji sananne ne ga masu shan wannan rukunin magani idan aka yanke shi farat ɗaya, kuma yakan lafa in an koma sha. Ku gaya wa likitanta duka abubuwa ukun. Yana iya rage mata yawansa, ya kuma duba ko jininta yana sauka idan ta tashi tsaye.

Dr. Hadiza: 'Yar uwa, bari in amsa miki tambayarki ta ƙarshe, don ita ce za ta kwantar wa Mama hankali. Ƙwayoyin jijiya da yawa, musamman lokacin da suke girma, ba sa rayuwa sai suna samun saƙo daga jikin da suke yi wa aiki. Saƙon wasu sinadarai ne, na farkonsu NGF, wanda Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen suka samu kyautar Nobel a kansa a 1986. Daga baya aka gano BDNF da NT-3 da NT-4. Kowannensu yana da makarɓinsa a fatar ƙwayar: TrkA na karɓar NGF, TrkB na karɓar BDNF da NT-4, TrkC na karɓar NT-3. Da saƙo ya sauka, makarɓa biyu sai su haɗu, ɓangarensu na ciki ya kunnu, ya ce wa ƙwayar ta rayu, ta miƙa rassa. In saƙo ya ɗauke, makarɓin ma ya yi shiru.

A ƙarin ƙanwarki, ƙwayar gadon da ke ƙera TrkC ce ta tsinke ta manne da wata mai suna ETV6. Abin da ya fito ba shi da kunnen jin saƙo, sai bakin ba da umarni kawai, dare da rana yana cewa a hayayyafa. Bakin nan ne maganin yake toshewa. Sai dai ba ya bambanta na ƙari da na lafiyayyar jijiya. TrkB yana da hannu wajen sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, ga ƙibar. TrkC yana cikin jijiyoyin da ke gaya wa mutum inda ƙafarsa take ko ido a rufe, shi ya sa ake danganta jirin da shi. TrkA kuwa na jijiyoyin jin zafi ne. Har akwai yaran da ake haifa da nakasa a ƙwayar gadon da ke ƙera TrkA, ba sa jin zafi ko sun ƙone, ba sa kuma yin gumi. To, jijiyar da aka danne wata da watanni aka sake ta lokaci guda, kin ga dalilin kukan daren nan.

Abban Yusra: Likita, a gafarce ni, to me ya hana a bai wa duk mai kansa? Mahaifina ta hanji ce ke damunsa.

Dr. Hadiza: Allah ya ba Baba lafiya. Abin mamaki, a kansar hanji aka fara gano irin wannan mannewar, a 1986, tun kafin a san TrkA ɗin da ya manne a can makarɓin NGF ne. Amma a kansar da ta fi yawa, irin ta huhu da hanji da nono, ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A nau'in da ke jikin ƙanwar Hajiya da wani ƙarin jarirai ne ake samunta kusan ko yaushe. Hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da larotrectinib a 2018 bisa gwajin mutum 55, ƙarin ya ragu a kashi 75 cikin 100 nasu, kuma duk masu mannewar ne. In babu ita, maganin ba shi da abin kamawa. Ku tambayi likitansa ko an yi masa gwajin.

Maman Hanif: Mijina yana kan entrectinib, ɗan uwan wannan. Jirin ya fi damunsa da asuba, sai ya koyi zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe. Ki riƙa ƙirga ƙwayoyin da suka rage, ku nemi sabo tun da sauran na mako guda. Kuma kada ta ɗora wani magani a kai sai an tambaya, wasu suna ƙara masa ƙarfi a jini.

Ummu Salma: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Mama bayanin Likita sau biyu, ta ce a bar shi zuwa ranar Talata mu ga likitanta tare. Na rubuta jirin da nauyinta da ranakun da ta tsallake a takarda don kada in manta komai a gabansa.